Sauke Giya a Garejin Gida: Tarihin Akwatin da Ba a Son Farkewa

A ƙarshen shekarar 1939, masu shiga shagunan sayar da motocin Oldsmobile a Amurka sun tarar da mota mai abin takawa biyu kacal a ƙarƙashin sitiyari, birki da totur. Kuloci ya yi ɓatan dabo. Duk wanda ya ƙara dala 57 a kan kuɗin motar, sai a miƙa masa wadda ke canja giya da kanta, tun daga lamba ɗaya har zuwa lamba huɗu, babu ruwanta da hannun direba. Kamfanin General Motors, mai ƙera Oldsmobile, ya raɗa wa wannan giya suna Hydra-Matic, kuma ita ce giya otomatik ta farko da aka ƙera da yawa aka baza a kasuwa.

Direba dai ya huta. Amma mai motar da ya saba kwanciya a ƙarƙashinta ranar Asabar da safana a hannu, ya wayi gari gaban wani akwatin ƙarfe da bai san ta inda zai ɓullo masa ba. Daga nan wata al'ada ta fara kafuwa a garejojin gidajen Amurka, wadda har yau tana nan: idan giya ta lalace, a sauke ta ɗungurungum, a ɗora wata.

Zamanin da kowa bakanike ne

Kafin wannan lokaci, Ba'amurke mai mota bai san wani sashe nata da ya fi ƙarfin hannunsa ba. Motar da ta koya masa haka ita ce Model T ta Henry Ford, wadda aka ƙera sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927. Da yawa daga cikin masu sayenta manoma ne da ke zaune nesa da gari, inda babu bakanike sai maƙeri. Kowace mota takan zo da 'yan kayan aikinta, kuma mai ita shi ne likitanta.

Abin mamaki, giyar Model T kakar giya otomatik ce ta fuskar ƙira. Haƙoranta irin masu zagaya juna ne: babba ɗaya a tsakiya, ƙanana suna kewaya shi. Ana samun canjin gudu ta hanyar riƙe wani sashe a bar wani ya juya, kuma abin da ke yin riƙon wasu ɗamaru ne guda uku na ƙarfe da aka yi wa shafi da saƙar auduga. Direba ne ke matse su da ƙafa. Abin takawa na hagu na tafiya gaba ne, na tsakiya ribas, na dama birki. Audugar nan kuwa cinyewa take yi, musamman a hannun mai yawan hawan tudu. Don haka canja ɗamarun giya ya zama aikin gida, wanda uba ke koya wa ɗa. Haɗarinsa ɗaya ne sananne: noti ko washa ya kuɓuce ya faɗa cikin akwatin, a wuni ana lalube da waya.

Kasuwa ta biyo bayan wannan buƙata. Kamfanin Western Auto, wanda aka kafa a Kansas City a 1909, ya yi arziki da aika kayan Ford ta gidan waya. Kundin tallan Sears yana ɗauke da shafukan kayan gyara. A 1920 kamfanin Snap-on ya fito da safanar soket mai kawuna daban-daban a kan mariƙi ɗaya, kayan aikin da daga baya ya shiga kusan kowane gida.

Yadda akwatin ya rufe bakinsa

Mutumin da ya jagoranci ƙera Hydra-Matic injiniya ne ɗan jihar Oregon mai suna Earl Thompson. Shi ne tun farko ya ƙirƙiro dabarar da ta hana giyar hannu yin ƙara da gurzar haƙora wajen canjawa, wadda Cadillac ta fara sakawa a 1928. A shekarun 1930 shi da tawagarsa suka ɗauko abubuwa biyu da aka riga aka sani suka aurar da su. Na farko haƙoran nan masu zagaye. Na biyu dabarar isar da ƙarfin injin ta cikin mai, wadda Bajamushe Hermann Föttinger ya yi wa rajista a 1905 domin jiragen ruwa: faifai biyu masu fukafukai suna fuskantar juna a cikin rufaffen ƙoƙo cike da mai, na gefen injin yana watsa man, man kuma yana juya na gefen giya. Da yake babu ƙarfen da ya haɗa su, mota na iya tsayawa cik a kan giya injin bai mutu ba.

Aikin da ƙafar direban Model T ke yi, yanzu mai ne ke yin sa. Wani famfo a gaban giya yana tura man da ƙarfi zuwa wani faranti mai kauri da ke ƙasa, wanda kanikawa ke kira balb bodi. Wanda ya buɗe shi zai ga hanyoyin mai sun sarƙe kamar lungunan cikin birnin Kano, wannan ya ɓulla can, wancan ya toshe, baƙo ba ya fita sai da ɗan jagora. A cikin hanyoyin akwai ƙananan sanduna masu kai da kawowa, da sifirin, da 'yan ƙwallayen ƙarfe da ba su wuce ƙwayar wake ba. Matsin mai biyu ne ke ja-in-ja a kan kowace sanda: ɗaya yana ƙaruwa da gudun mota, ɗaya da yadda aka taka totur. Wanda ya rinjaya shi ke yanke hukuncin lambar da za a shiga, sai mai ya tafi ya matse ɗamara ko jerin faifan da ake kira faiba.

Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale sanda. Ƙwallo ɗaya da aka mayar a ramin da ba nasa ba ya isa ya hana mota ribas. Ga kuma kayan aiki na musamman da ba a samu a akwatin mai gida. Garejin da iska ke kaɗo wa ƙura ba wurin irin wannan tiyata ba ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da ƙera motocin farar hula a 1942, amma bai dakatar da Hydra-Matic ba. An saka ta a tankokin yaƙi samfurin M5 Stuart da M24 Chaffee, kowace tanka da injin Cadillac biyu da giya biyu. Bayan yaƙi sai gasa ta ɓarke. Buick ta fito da Dynaflow a 1948, mai amfani da konbata, wato ƙoƙon mai da aka ƙara wa faifai na uku a tsakiya domin ninka ƙarfin tashi. Packard ta kawo Ultramatic a 1949, Chevrolet ta kawo Powerglide a 1950, Ford ta biyo da Ford-O-Matic a 1951, Chrysler kuma ta rufe da TorqueFlite a 1956. Hatta Rolls-Royce ta Ingila lasisin Hydra-Matic ta saya. Kafin shekarun 1950 su ƙare, mafi yawan sabbin motocin Amurka ba su da kuloci.

Babban musanyen giya na farko ma kamfani ne ya yi shi da kansa, bisa tilas. Ranar 12 ga Agusta 1953, tartsatsin walda ya faɗa cikin wani mai da ake shafa wa ƙarfe don hana tsatsa a masana'antar Hydra-Matic da ke Livonia, a jihar Michigan. Gobarar ta ci rayuka, ta lashe ginin ƙurmus, kuma nan ne kaɗai ake ƙera giyar. Kafin a tayar da aiki a Willow Run, tsohuwar masana'antar jiragen yaƙi, sai da aka yi watanni ana ɗora Dynaflow a motocin Cadillac da Oldsmobile, ana ɗora Powerglide a Pontiac. Masu tara tsofaffin motoci har yau suna farautar waɗannan 'yan ƙalilan.

Gareji, littafi da filin matattun motoci

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka mayar da sauke giya aikin da mutum zai iya yi a gida.

Na farko garejin kansa. Sojojin da suka dawo daga yaƙi, da yawansu sun koyi kanikanci a bakin daga, suka tare a sabbin unguwannin bayan gari, inda sannu a hankali gida mai gareji da daɓen siminti ya zama ruwan dare. A karkara kuma, musamman a jihohin kudu, reshen bishiya da sarƙa su ne abin ɗaga injin. Mujallar Hot Rod, wadda Robert Petersen ya fara bugawa a 1948, ta cika samari da sha'awar cire wannan a ɗora wancan.

Na biyu nauyi. Giyoyin farko da baƙin ƙarfe aka zuba jikinsu, sai ƙarti sun taru ake motsa su. A farkon shekarun 1960 aka koma sanholo. Powerglide mai jikin sanholo da TorqueFlite 727 duk sun fito a 1962, Ford C4 da Turbo-Hydramatic 400 a 1964, sai Turbo-Hydramatic 350 a 1969, wadda nauyinta bai wuce kilo 55 ba in babu mai da konbata. Wannan nauyi ne da mutum biyu da jak ɗaya za su iya sarrafawa.

Na uku littafi. Kamfanin Chilton na Philadelphia ya daɗe yana buga littattafan gyara. Daga Ingila kuma John Haynes, hafsan sojan sama, ya wargaza wata ƙaramar mota Austin-Healey Sprite a lokacin da yake aiki a Aden, ya ɗauki hoton kowane mataki, ya buga littafin a 1966. Littattafan Haynes sun bazu a duniya, kuma su ma sun ja layi a wuri ɗaya. Babin injin yakan kai mai karatu har cikin fistin. Babin giya otomatik kuwa gajere ne: yadda ake duba mai, yadda ake saita waya, yadda ake saukewa da mayarwa. Abin da ke ciki, littafin kan ce a kai wa ƙwararre.

Ƙwararrun kuwa sun zama sana'a mai zaman kanta. Masu sake gina giya sun kafa ƙungiyarsu, ATRA, a 1954, daga baya kuma Anthony Martino da Robert Morgan suka kafa kamfanin gyaran giya na AAMCO, wanda rassansa suka mamaye ƙasar. Amma a Amurka ladan hannun bakanike da awa ake lissafa shi, kuma awoyin saukewa da ɗorawa suna cin kaso mai tsoka na kuɗin aikin. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya raba aikin biyu. Shi zai sauke, ya jefa giyar a bayan a-kori-kura ya kai shago a gyara a kan teburi. Ko kuma ya sayi wadda aka riga aka gyara, ya ajiye kuɗin jingina da ba za a mayar masa ba sai ya kawo tsohuwar, domin da gawar tasa za a gina ta wani.

Na huɗu, kuma mafi arha, filin matattun motoci. Motar da aka daka ta baya, giyarta lafiya lau take. Tun shekarun 1930 masu waɗannan filaye ke amfani da kundin Hollander, mai nuna wane kaya na wace mota ke shiga wace. Daga baya aka sami filayen da mutum ke biyan ɗan kuɗin shiga, ya zo da kayan aikinsa ya kwance abin da yake so. Masu wannan farauta sun haddace alamomi. Kaskon da ke ƙasan Turbo 350 kusan murabba'i ne da aka yanke wa kusurwa ɗaya, notunansa 13. Na giyar 700R4 da ta zo daga baya notuna 16 ne. Sun san cewa fuskar giyar Chevrolet ba ta haɗuwa da injin Buick ko Oldsmobile ko Pontiac, ko da yake duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kuma wutsiyar Turbo 350 tsawo uku take zuwa. Kafin a biya kuɗi, sai an zaro sandar awon mai an duba. Ja mai haske alamar lafiya ce. Baƙi mai ƙaurin ƙonewa kuwa, a yi gaba.

Asabar ɗaya a ƙarƙashin mota

A shekarun 1970, tsarin aikin a motar da ke ja da tayoyin baya ya riga ya zauna daram. A cire kan batir. A ɗaga motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, a sama sosai yadda giya za ta iya fitowa ta gefe. Wanda ya dogara da jak kaɗai ko bulon siminti yana wasa da ransa, kuma an sha rasa rayuka ta haka. Yawancin kaskon giyar wancan zamani ba shi da notin tsiyaya, don haka sai a sassauta notunan gefe ɗaya a bar man ya kwararo, rabi a kwano rabi a hannun riga.

Daga nan a cire furofela, a kawar da salansa in ta tare hanya, a kwance sitata, da wayar sifidomita, da sandar canja giya, da bututu biyu masu kai mai lagireto domin ya huce. Sai notunan da suka ɗaure konbata da faifan bayan injin, uku a motocin General Motors, huɗu a yawancin na Ford, ana juya injin da hannu ana cire su ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar taga. A tallafi giyar da jak, a cire gadar ƙarfen da take zaune a kai, a sassauto wutsiyarta ƙasa. Notunan sama na fuskar giya ba a ganinsu. Sai an jona sandunan soket kusan tsawon mita guda, an zura daga can baya, aboki yana laluba kan notin da yatsa. Wanda ba shi da jak na musamman yakan ɗora katako a kan jak na yau da kullum. Akwai masu ƙarfin halin da kan sauke giyar hannu a kan ƙirjinsu, amma otomatik ba ta karɓar wannan wasa.

Mayarwa ita ce inda ake gane gwani. Konbata dole ta zauna a kan abubuwa uku, ɗaya bayan ɗaya: haƙoran sandar giya, haƙoran mazaunin faifan tsakiya, sannan kunnuwan famfo. Ana turawa ana juyawa, ana jin tana faɗawa ciki mataki-mataki. Wanda ya tsaya a mataki na biyu zai ga giya ta ƙi manne wa injin, saura ɗan yatsa guda. Idan ya ce bari ya jawo ta da noti, zai ji ƙas, famfo ya fashe tun mota ba ta tashi ba. Babu kuskuren da ya kashe giyoyin garejin gida kamar wannan.

Na biyunsa mantawa da lagireto. Giyar da ta mutu takan bar garin faiba da ɓarɓashin ƙarfe a cikin bututun sanyaya mai. In ba a wanke su ba, da tayar da injin za su kwarara cikin sabuwar giya, cutar da ta kashe uwa ta kama 'ya. Sai kuma awon mai, wanda a yawancin motoci ake yi injin na aiki, giya ta yi zafi, mota a wuri mai daidai.

Shi kansa man yana da nasa tarihin. General Motors ta fitar da ma'aunin farko, Type A, a 1949, sannan Dexron a 1967, shekarar da Ford ta fito da Type F. Ana rina shi ja domin a bambanta yoyonsa da na baƙin mai. Har farkon shekarun 1970 ana haɗa shi da kitsen wani ƙaton kifin teku, saboda yadda yake jure zafi. Da Amurka ta haramta kasuwancin kitsen domin ceto dabbar daga ƙarewa, masu gyaran giya sun ga aiki ya ƙaru kafin masana su samo madadinsa.

Waya ta shigo, ƙofa ta ƙuntata

Takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, da dokar tsimin mai da Amurka ta kafa a 1975, su suka sauya fasalin aikin. Chrysler ta dawo da konbata mai kullewa a 1978. General Motors ta fito da 700R4 mai lamba huɗu a 1982, da wata waya da ke haɗa totur da matsin mai. Wanda ya ɗora giyar bai saita wayar nan daidai ba, faiba kan ƙone cikin ɗan gajeren tafiya.

Babban sauyin shi ne komawa ja da tayoyin gaba. Tsarin kwantar da injin a gicciye, wanda ƙaramar motar Mini ta Ingila ta shahara da shi tun 1959, ya mamaye Amurka daga 1980. Giya ta bar ƙarƙashin mota ta maƙale a gefen injin. Yanzu sai an rataye injin daga sama da gadar ƙarfe, an zare shaf biyu na tayoyi, an kwance ƙafafun gaba, sau da yawa an sauke firam ɗin da ke ɗauke da komai. Aikin wuni ɗaya ya koma na kwana biyu ko uku.

Sannan kwamfuta ta karɓe hukunci daga hannun mai. Ultradrive ta Chrysler, a 1989, tana lura da yadda faibarta ke cinyewa ta gyara kanta, kuma ta jawo ƙorafi mai yawa, wani ɓangare saboda masu zuba mata Dexron alhali nata man daban ne. A 1993 700R4 ta rikiɗe ta zama 4L60E mai aiki da wutar lantarki. Daga 1996 doka ta wajabta wa kowace sabuwar mota a Amurka soket iri ɗaya na karanta matsala, abin da ya ba mai gida damar sayen 'yar na'ura ya ji ƙorafin motarsa. Amma lambobi suka ci gaba da hawa: bakwai a Mercedes a 2003, takwas daga kamfanin ZF na Jamus, goma a giyar da Ford da General Motors suka haɗa hannu suka ƙera. Giya mai bel, CVT, wadda kamfanin DAF na Holan ya fara sakawa a ƙaramar mota a 1958, ta cika motocin Nissan da Toyota da Honda. Sandar awon mai ta ɓace daga motoci da dama. Wasu giyoyin kuma kwamfutarsu na ciki, ɗauke da lambar motar da aka haife su da ita, ba sa yarda da sabon gida sai an yi musu rajista da na'urar kamfani.

A kan wannan ne aka yi ta fafatawa a siyasance. Masu zaɓe a jihar Massachusetts sun amince da dokar 'yancin gyara a 2012, wadda ta tilasta wa kamfanoni sayar wa kowa bayanai da na'urorin da dilolinsu ke amfani da su, suka kuma faɗaɗa ta a 2020. A wannan shekarar ce Haynes ya sanar da daina buga sabbin littattafai a takarda. Bidiyon YouTube ya gaje su. Al'adar ba ta mutu ba, domin matsakaicin shekarun motar da ke kan titin Amurka ya haura 12, kuma sau da yawa kuɗin gyaran giya a shago yakan zarce darajar tsohuwar motar gaba ɗaya.

Daga filin Amurka zuwa Ƙofar Ruwa

Arewacin Najeriya da giyar hannu ya saba. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta cika hanyoyi da 504, motar da kowane bakanike daga Sakkwato zuwa Maiduguri zai iya wargaza giyarta ya haɗa. Bayan karyewar naira daga 1986 sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, aka koma kan na hannu da ke shigowa daga Turai, galibi ta tashar Antwerp zuwa Kwatano, har Beljiyam ta zama sunan duk wani kaya na hannu mai kyau. Ta wannan tasha da ta Lome ne Maraɗi da Yamai su ma ke samun nasu. Motocin Turai na lokacin yawanci manuwal ne.

Da kasuwa ta juya zuwa gwanjon motocin Amurka, inda sabbin motoci masu kuloci ba su kai biyu cikin ɗari ba a yau, sai otomatik ta shigo da ƙarfinta, Camry da Corolla da Accord da Sienna, wasu da ciwonsu na gado. A 2004 Honda ta janye motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda zafin da ke lalata haƙoran lamba biyu, ciki har da Accord mai silinda shida, irin wadda ake kira End of Discussion a Najeriya. Direbobi sun daɗe suna ɗari-ɗari da otomatik, kuma suna da hujja. In batir ya mutu ba a tura ta ta tashi, domin famfonta sai injin na juyawa yake aiki. Hydra-Matic ta farko tana da famfo na biyu a baya da ke ba da damar turawa, amma an daina saka shi tun shekarun 1960. Saboda wannan dalilin ne kuma janta da igiya tafiya mai nisa ke ƙona ta. Shi ya sa masu motocin haya da dama kan kai a mayar musu da ita manuwal: a canja giya, a sa filawil da kuloci, a dasa abin takawa na uku.

Bakaniken Kano da magidancin Amurka sun tsaya a kan shawara ɗaya, amma kowa da hanyar da ta kawo shi. Shi Ba'amurke tsadar hannu yake gudu. A nan kuwa hannu ba shi ne mai tsada ba. Abin da ke wuya shi ne samun faiba da robobi na asali, da littafin awo, da ɗaki marar ƙura a lokacin hunturu, alhali kwantenoni na sauke giyoyin hannu a Ladipo ta Legas, ana lodinsu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da sauran kasuwannin kayan mota. Akwai ƙwararrun da ke farke otomatik su gyara, amma abin da mai mota ya fi ji daga bakin bakanikensa shi ne, Alhaji, a sayo Beljiyam kawai. Yara su shiga rami su sauke, oga ya riƙe tsohuwar a kai kasuwa a gwada, a ƙirga ƙafafun soket, a duba lambar da ke jiki, domin giyar Camry ta wannan shekara ba lalle ta yi magana da kwamfutar ta waccan ba. Mai kaya yakan ba da garanti na 'yan kwanaki, ya shafa fenti a kan notuna don ya gane in an buɗe.

Kurakuran ma iri ɗaya ne da na garejin Amurka: konbatar da ba ta zauna ba, bututun da ba a wanke ba, da jan man Dexron da ake ɗura wa CVT don an ga shi ma man giya ne. A 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta tsiro a gefen garejojin Kano da Kaduna da Abuja, ta samari masu yawo da na'urar karanta mota a jaka. Bayan yara sun ɗaure noti na ƙarshe an zuba mai, su ake kira a waya su zo su goge abin da kwamfuta ta haddace game da tsohuwar giya, sannan oga ya karɓi makulli ya fita gwaji.